Horon darare shida kan dokar taro da zanga-zanga: abin da na samu da abin da na rasa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shekara huɗu ke nan ina riƙe da muƙamin sakatariyar reshen ƙungiyarmu. Shekara biyu da suka wuce muka fito tattaki a kan alawus ɗin aikin dare da aka yi wata bakwai ba a biya mu ba. Mun kai mu ɗari biyu, kowa da farin kayansa na aiki. Ba mu yi nisa ba muka tarar an gitta mota a titi. Wani jami'i ya ɗaga lasifika ya yi magana, amma ko mu da ke gaba ba mu ji abin da ya ce ba, balle na baya da ke ta waƙa suna turo mu. Kafin mu ankara hayaƙi mai sa hawaye ya turnuƙe wurin. A cikin turmutsitsin wata babbar yayarmu a wurin aiki, wadda saura mata shekara guda ta yi ritaya, ta faɗi ta karye a wuyan hannu. Ni na ɗaure mata hannun a bakin titi, ni ce kuma na rubuta takardar da ta kira ta wurin. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, amma abin bai bar raina ba.

Shi ya sa da na ga sanarwar wani horo ta intanet da wata ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam ke shirya wa masu haɗa gangami da zanga-zangar lumana, ban yi wata-wata ba na yi rajista da kuɗin aljihuna. Ƙungiyoyi da dama suna yin irin wannan horo yanzu. Ina ba da labarin wanda na halarta ne domin mai niyyar shiga irinsa ya san abin da zai tambaya kafin ya biya.

Darare shida ne cikin mako uku, awa biyu kowane dare, ta bidiyo kai tsaye. Mun kai mu arba'in daga ƙasashe daban-daban: malaman makaranta, ɗalibai, 'yan jarida biyu, da wani dattijo shugaban direbobin manyan motoci wanda bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Masu koyarwa uku ne. Akwai Barista, mace mai magana a hankali. Akwai wani tsohon babban ɗan sanda mai ritaya. Sai wani matashi da ya daɗe yana horar da masu kula da sahu a wurin taro.

Daren farko kaɗai ya mayar mini da kuɗina. Barista ta tambaye mu wa ya taɓa rubuta wa 'yan sanda takarda kafin taro, kuma me ya sa a layin farko. Kusan dukkanmu amsa ɗaya muka bayar: muna neman izini. Ni har roƙo na yi a tawa, na ce muna fatan za a taimaka a amince mana. Sai ta ɗora mana Sashe na 21 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa ta 1966 a kan allo, ta sa muka karanta shi a tsanake. Sashen ya amince da 'yancin yin taron lumana, kuma bai yarda a taƙaita shi ba sai da doka, sai in akwai larura ta gaske: tsaron ƙasa, lafiyar rayukan jama'a, zaman lafiya, kiwon lafiya ko tarbiyyar al'umma, ko kare haƙƙin wasu. Ta ce mu lura, wanda ke son hana taro shi ne zai kawo hujja. Mai son fitowa ba shi da wata hujjar da zai kawo, domin haƙƙinsa ne tun asali.

Daga nan ta shiga bambancin izini da sanarwa, ta daɗe a kansa, kuma ya cancanci hakan. Izini yana nufin wani na da ikon ce maka a'a. Sanarwa kuwa kana shaida wa hukuma ne cewa ga rana, ga hanya, ga yawan mutanen da ake sa rai, domin ta shirya karkatar da motoci ta kuma ba ku kariya. Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sharhinsa na 37 a kan wannan sashe a shekarar 2020, kuma ya faɗi a fili cewa tilasta wa mutane neman izini yana rushe ma'anar 'yancin. Ya ƙara da cewa rashin ba da sanarwa shi kaɗai ba ya mayar da taro haramtacce, ba kuma hujjar tarwatsa shi ba ce. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta bi wannan hanyar a ƙa'idojin da ta amince da su a Yamai a 2017, bisa Sashe na 11 na Yarjejeniyar Afirka ta 1981.

Da yake mun fito daga wurare daban-daban, sai ajin ya zama wurin kwatance, kowa yana faɗin abin da dokar ƙasarsa ta ce, Barista tana gyarawa. A Ingila dokar 1986 ta nemi a ba da sanarwar cikakkun kwana shida kafin jerin gwano, amma taron da zai tsaya wuri ɗaya ba ya bukatar hakan. A Kenya tsakanin kwana uku ne zuwa goma sha huɗu. A Ghana kwana biyar. A Najeriya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Afirka ta Kudu. A 2013 wasu mazauna unguwar Khayelitsha suka ɗaure kansu da sarƙa a gaban ofishin birnin Cape Town saboda rashin bayan gida mai tsafta a unguwarsu. Dokar ƙasar ta 1993 ta ce taron da ya haura mutum goma sha biyar sai an ba da sanarwa, su kuwa ba su bayar ba, aka kama su aka sami wasunsu da laifi. A 2018 Kotun Tsarin Mulki ta ce hukunta mutum a matsayin mai laifi don kawai bai ba da sanarwar taron lumana ba ya saɓa wa tsarin mulki. Mutane ne masu neman abin da ni a matsayina na ma'aikaciyar lafiya na san yana hana kwalara da gudawa, kuma sai da suka yi shekara biyar a kotu kafin a wanke su.

Barista ba ta bar mu muka tashi da zumuɗi ba. Ta ja mana kunne cewa ɗan sandan da ke tsaye a titi dokar ƙasarsa yake aiki da ita, da umarnin da aka ba shi da safe. Akwai ƙasashen da har yau dokarsu izini take cewa, kuma wanda ya fito ba shi da shi zai kwana a tsare ko me sharhin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce. Aikin gida na farko shi ne kowa ya nemo dokar ƙasarsa ya karanta da idonsa. Na ji daɗin wannan gaskiyar da ta faɗa mana. Da ta ɓoye, da ta cuce mu.

An kuma yi dare guda a kan ma'anar kalmar lumana. Taƙaitaccen abin da na riƙe shi ne, tare hanya na ɗan lokaci, hayaniya, ko 'yar tura-tura ba su kai a kira taro tarzoma ba, kuma jifan da mutum biyu ko uku suka yi ba a shafa wa sauran jama'a. Aikin jami'an tsaro ne su zare waɗannan su bar taron ya ci gaba.

Wanda ya fi kowa amfanar da ni shi ne tsohon ɗan sandan. Da farko wasu daga cikin ɗaliban ba su sake da shi ba, wani ma ya rubuta a akwatin saƙo cewa me ya kawo shi nan. Bai ji haushi ba. Ya fara da tarihin umarnin watsewa. Ya ce a Birtaniya an yi wata doka a 1714 wadda ta ba majistare ikon karanta shela ga taron mutum goma sha biyu ko fiye, wanda bai watse ba cikin awa guda hukuncinsa na iya kaiwa kisa. Ingila ta soke ta a 1967, amma salon shelar ya riga ya shiga dokokin laifuka na ƙasashe da yawa da Birtaniya ta mulka, yana nan har gobe. Ya ce ko waccan tsohuwar dokar mai tsanani ta ba mutane awa guda. Ma'aunin yau kuwa ya nemi a yi gargaɗin da mutane za su ji da kunnensu, a ba su isasshen lokaci da hanyar fita, kafin a taɓa hayaƙi mai sa hawaye ko motar feshin ruwa, kuma su ne matakin ƙarshe. Ina jin haka sai lasifikar nan da ba mu ji ba ta faɗo mini a rai. Na tambaye shi: "Ranka ya daɗe, in an yi gargaɗin amma ba wanda ya ji fa?" Ya ce: "Malama, gargaɗin da ba a ji ba, ba a yi shi ba. Amma ke ma ki sa mutum biyu a gaba waɗanda ba su da aiki sai sauraron jami'ai su isar wa na baya."

A kan bindiga bai yi kwana-kwana ba. Ya kawo ƙa'idojin amfani da ƙarfi da makami da aka amince da su a taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Habana a 1990: taron da ya saɓa doka amma ba a tashin hankali a cikinsa, a guji amfani da ƙarfi, in ya zama tilas a yi mafi ƙanƙanta. Harsashi mai rai ba abin watsa taro ba ne ko kaɗan, sai don kare rai daga haɗarin da ke gab da aukuwa. Ya ambaci Sharpeville a Afirka ta Kudu, ranar 21 ga Maris 1960, inda aka kashe aƙalla mutum 69, da yawansu ta baya aka harbe su suna gudu. Ya ambaci Marikana, ita ma a Afirka ta Kudu, a Agustan 2012, inda 'yan sanda suka kashe ma'aikatan ma'adinai 34. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba. Yaron da ke riƙe da garkuwa da kulki a layin gaba, sau da yawa tun asuba yake tsaye, bai san yawanku ba, bai san inda za ku tsaya ba, tsoro yake ji kamar yadda kuke ji. Duk abin da bai sani ba, mugun zato zai cike masa gurbinsa. Don haka a gaya musu komai tun da wuri: ina za a fara, ina za a ƙare, ƙarfe nawa za a watse, wa za a kira in wani abu ya taso. Ban ji yana wanke abokan aikinsa ba, domin ya faɗi laifinsu ba tare da an tambaye shi ba. Ya dai nuna mana wani gefen titin da ba mu saba gani ba.

Matashin nan kuwa aikin hannu ya koyar, kuma ni da na saba da ɗakin gaggawa na gane hikimarsa nan take. Masu kula da sahu su sa alama a damtse da za a hango daga nesa. A ajiye dattawa da masu juna biyu da masu asma a gefen da ya fi kusa da mafita. Kada a bar gaba ya yi sauri har tsakiya ta tsinke, kada kuma a tsaya kwatsam ba a sanar da baya ba, domin a nan ake danne mutane. A sanar da lokacin tashi tun farko kuma a cika shi, saboda yawancin ɓarna bayan shugabanni sun tafi take faruwa. Mai kula da sahu ba ɗan sanda ba ne, ba ya kama kowa, ba ya dukan kowa. Ya yi amfani da taswira yana zana mana inda cunkoso ke haɗuwa a kwana da kan gada. Darasi ne mai kyau, sai dai awa biyu ta yi masa kaɗan, kuma abu ne da ya fi dacewa a gwada a fili da mutane tsaye.

Akwai daren da na kasa barci bayansa, wato daren alhakin mai shirya taro. Barista ta kawo shari'ar ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta Afirka ta Kudu, SATAWU. A 2006 ta shirya jerin gwano a Cape Town lokacin yajin aikin masu gadi, ta ba da sanarwa, ta sa ɗaruruwan masu kula da sahu, amma abin ya rikiɗe aka farfasa motoci aka lalata kayan ƙananan 'yan kasuwa. Waɗanda aka yi wa ɓarna suka kai ƙungiyar ƙara, kuma a 2012 Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da sashen dokar da ke ɗora wa mai shirya taro biyan diyya in ɓarnar abar hangowa ce kuma bai ɗauki duk matakan da suka kamata ba. Wasu a ajin suka ce wannan zalunci ne, hanya ce ta tsorata ƙungiyoyi. Ina ganin haɗarin da suke gani, domin ɓata-gari na iya shigowa da gangan don a ɗora wa masu taro. Amma ni ban iya manta mai ɗan teburin da aka kifar masa da jarinsa ba. Shi ma yana da haƙƙi, kuma bai kira kowa titi ba. Sharhin 2020 ya tsaya a tsakiya: mai shirya taro yana amsa laifin da ya yi da kansa ko ya tunzura, ba a ɗora masa na wasu sai a yanayi na musamman inda aka nuna zai iya hangowa ya kuma hana. Na yaba wa Barista da ta bar gardamar ta yi zafi ba ta yanke mana ita ba.

Inda horon ya gaza, ya gaza a wurin da ya fi muhimmanci. Daren ƙarshe shi ne na abin da za ka yi in an kama ka ko an kama mutanenka. An fara a makare saboda matsalar na'ura, aka ci rabin awa wajen godiya da bayanin takardar shaida, sai aka bi batun kamun a guje cikin minti arba'in. An ce kada ka yi turjiya, ka tambayi dalilin kamun, ka nemi lauya, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Duk gaskiya ne, amma tambayoyinmu sun fi haka. Awa nawa za a iya tsare mutum kafin a kai shi kotu? Wa zai tsaya beli? In an karɓe waya an ce a buɗe ta fa? Kowace tambaya amsarta ɗaya: ya danganta da ƙasarku, ku tuntuɓi lauya na gida. Na san ba za su iya haddace dokar kowace ƙasa ba. Amma sun san ƙasashenmu tun ranar rajista. Da sun raba mu rukuni-rukuni ko na awa guda, kowane rukuni da lauyan da ya san dokar wurin, da an fita haƙƙinmu. Dattijon direban nan ya ɗaga hannu har aka rufe ba a ba shi dama ba, kuma mutanensa ne aka fi kamawa a cikinmu duka.

Sai batun harshe. Komai da Turanci ne, Turancin ma na lauyoyi. Takardun da aka turo mana sun haura shafi ɗari, babu ko taƙaitawa a wani harshe. Ni na iya bi, amma masu kula da sahun da zan koya wa akwai masu shara da masu tura gadon marasa lafiya. Sai da na zauna dare uku na mayar da abin da ya shafe su zuwa shafi biyu da Hausa. Haka kuma shari'o'in Turai sun yi yawa. Wasu sun yi amfani, kamar ta wasu likitoci a Ostiriya a 1988, inda Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce wajibi ne hukuma ta ɗauki matakin kare masu zanga-zanga daga masu adawa da su. Amma an kwashe lokaci mai tsawo a kan ƙasashen da kotu ke sauraron ƙarar gaggawa cikin kwana ɗaya, alhali yawancinmu ba haka abin yake a wurinmu ba.

Wata biyu bayan horon muka sake fitowa, a kan tsohon bashin nan da ƙarancin safar hannu. Na fara duba dokarmu, na tabbatar sanarwa take nema. Na rubuta takarda mai kan magana "Sanarwa", na sa rana, lokaci, hanya, yawan mutane, da sunayen mutum biyu da za a tuntuɓa. Na kai kwafi biyu ofishin 'yan sanda, na tsaya har aka buga wa ɗaya hatimi na dawo da shi. Babban jami'in ofishin ya kira mu zama. Ya so ya mayar da mu wata hanya ta baya inda ba mai ganinmu. Na gaya masa cikin ladabi cewa saƙonmu na mutanen da ke cikin ofishin da za mu kai wa kokenmu ne, ya kamata su gan mu su ji mu. Muka yi ciniki: mu ɗauki hannu ɗaya na titi, mu fara ƙarfe goma maimakon takwas don kada mu tare masu zuwa aiki da 'yan makaranta, mu tsaya a bakin ƙofa ba mu shiga harabar ba.

Ranar da kanta ba ta tafi sumul ba. Jami'in da muka tarar a bakin ƙofa ba a gaya masa komai ba, kalmarsa ta farko ita ce ina izininku. Na tuna shawarar tsohon ɗan sandan cewa kada a ƙure jami'i a gaban yaransa. Na ce: "Yallaɓai, don Allah mu ɗan koma gefe." Na nuna masa takardar mai hatimi, na ba shi lambar maigidansa. Minti ashirin muka yi yana waya, masu kula da sahu suka zaunar da mutane a gefen titi, saƙo yana tafiya daga gaba zuwa baya cewa jira ake yi, ba hana mu aka yi ba. A cikin jiran wani saurayi da ba namu ba ya sunkuya ya ɗauki dutse. Mata uku masu alama a damtse suka kewaye shi suna yi masa magana har suka raka shi bayan layi. Muka miƙa takardarmu, ƙarfe goma sha biyu muka watse kamar yadda muka ce, kuma ni ce ta ƙarshe da ta bar wurin.

An biya wata uku daga cikin bakwai, sauran muna kan bi. Na rubuta wa masu horon ƙorafina a kan daren ƙarshe da batun fassara, sun amsa cewa za su duba. Reshenmu zai tura mutum biyu a zagaye na gaba, mataimakiyata da shugaban masu kula da sahu, kuma na riga na gaya musu su nemo lauya na gida su zauna da shi kafin dare na shida.